Harisu Mai Faci da Ciwon 'Yan Golf

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar 'yan Golf da ke Daura ya san Harisu Mai Faci, in bai riƙe fuskarsa ba to ya riƙe muryarsa. Shekara ashirin da biyu yana zaune a bakin ƙofar tashar da injin iskarsa da libobinsa, yana cire taya yana mayarwa, bakin nan kuwa ba ya hutawa. A faɗarsa, ya taɓa ɗaga gaban tirela da kafaɗa ranar da jak ya ba shi kunya. A faɗarsa kuma, da kunne yake gane tayar da ke sacewa tun motar tana Kazaure. Aikin dai ya iya shi, wannan ba a ja da shi. Cika bakin ne ya ninka aikin sau uku.

To sai gwiwar hannunsa na dama ta fara ciwo, ta can ciki, wajen ɗan ƙashin nan da ke kallon haƙarƙari. Da farko sai ya danna liba yake ji. Daga baya murɗa sifana ya gagara, har ta kai ko buta ya ɗauka sai ya cije leɓe. Ya sha saƙe-saƙi, an yi masa ƙaho, ya shafa man zafi har fatar wajen ta saluɓe. Ranar da guduma ta suɓuce masa ta sauka a kan yatsan wani direba, matarsa Laraba ta ce abin ya isa haka. Ta sa aka kai tunkiyarta kasuwar Mai'aduwa, ta kira ƙanwarta Fadila da ke aikin gashin ƙashi a wani asibiti a Kano, aka tasa Harisu a gaba sai ofishin likita.

Likitan ya latsa nan, ya murɗa can, ya sa aka ɗauki hoto. Sannan ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ya ga Harisu ya yi masa ƙuri, sai ya fassara.

"Ciwon gwiwar hannun 'yan golf ake ce masa."

Harisu ya gyara zama. "'Yan Golf, likita?"

"Haka sunansa yake."

"Allahu akbar! Ai cikinsu nake wuni kullum."

Likita yana rubutu, bai ko ɗago ba. Da ya ɗago ya tambaya wane golf ɗin, da Daura ta zauna lafiya. Shi Harisu Golf ɗaya ya sani a duniya, mai ƙafa huɗu, mai ɗaukar mutum biyu a gidan gaba da huɗu a baya da buhun gero a but.

Maganin kuwa abin kallo ne. Aka ɗebi jini a hannunsa na hagu, aka zuba a 'yar kwalba, aka sa ta cikin wani inji mai kama da tukunyar dafa shinkafa. Injin ya yi ta juyi, da aka fito da kwalbar sai ga jinin ya rabu biyu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama. Likita ya zuƙi na saman da sirinji, ya ce a nan ƙwayoyin da ke ɗinke rauni suka taru, ya caka masa daidai inda ciwon yake. Ihun da Harisu ya yi har wajen yankar kati an ji shi.

"To saurara da kyau," in ji likita. "Jijiyar ce ta farfashe saboda aiki, allurar nan za ta taimaka mata ta haɗe. Amma sai ka bar ta. Sati shida ba liba, ba guduma. Satin farko da na biyu kada ka ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi. In ka yi gaggawa ka ɓarke ɗinkin, allurar ta tafi a banza, kuma ban yi maka alkawarin hannun zai koma aikin faci ba."

Wannan magana ta ƙarshe ta shigi Harisu, don in ka cire hannun nan babu abin da ke kawo tuwo gidansa. Ya riƙe ta tun daga Kano har Kazaure. Kafin su shigo Daura, ɗaya maganar ta danne ta.

Kwana uku Laraba ta tsare shi a gida. A na huɗu ya ce zai je ya duba kayan aikinsa kawai ya dawo. Ya isa tasha da farin bandeji a gwiwa, yana tafe yana tallabe da ita kamar mai ɗauke da ƙwai. Direbobi suka yanyame shi.

"Sannu Mai Faci! Me likita ya ce?"

"Ba ƙaramin ciwo ba ne. Ciwon babban mutum ne."

Hafizu, direban da ke layin Ɓaure, ya ce, "Jiya daga garin Babban Mutum nake, ban ji ana annoba ba."

"Ka bar wasa, Hafizu, don kai ne kan gaba. Sunan ciwon ma naku ne. Ciwon gwiwar 'yan Golf. Likita da bakinsa ya faɗa, da Turanci da Hausa."

Shugaban direbobin, Alhaji Sama'ila, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya ajiye kofin shayinsa.

"Me ya haɗa Golf da gwiwa?"

Likita bai faɗa ba, amma Harisu bai taɓa barin tambaya ta kwana ba amsa ba. Ya waiga, sai ga wata Golf tana shigowa, direban ya ɗora gwiwar hannu a taga kamar yadda kowane direban Golf ke yi tun da aka fara Golf.

"Ga shi nan! Kun gani? Wannan ɗora gwiwar a wundo. Ƙarfe ya yi zafi, mota na jijjiga, iska na bugu. A hankali take cinye jijiya."

Hafizu ya ce, "To ai mu hannun hagu muke ɗorawa. Kai na dama ke maka ciwo. Kuma yaushe ka taɓa tuƙi?"

"Ni a ina nake zama in za ni Katsina sayen kaya? Ba gidan gaba ba? Wane hannu ne ke wundo?"

Aka shiga lissafi da hannuwa. Wani ya ce, "Wallahi na dama ne."

Okafor mai sayar da kayan gyaran mota, wanda shagonsa ke jikin rumfar Harisu shekara goma sha takwas, ya matso yana murmushi. "Maƙwabci, wannan golf ɗin fa da ake nufi, ina jin wasa ne da ake..."

"Wasa? Oga Okafor, jinina aka ɗiba aka juya a inji, kana ce mini wasa?"

"Ba haka nake nufi ba. Wani wasa ne na..."

"Ka ji shi! Kullum shi dai kada a ɓata sunan Golf, don da ita yake ci."

Okafor ya ɗaga hannu biyu ya koma shago.

Daga nan sai gwaji. Harisu ya ce ya ga yadda likita ke dubawa, kuma ba wani abu ba ne. Ya kama gwiwar Hafizu da hannun hagu, ya lalubo jijiyar nan ta bayan ƙashi wadda in ta bugu mutum ke jin kamar lantarki ya ja shi, ya danna da babban yatsa. Hafizu ya yi tsalle.

"Wayyo! Har ɗan yatsana na ji!"

"Ta kama ka. Na gaba."

Kafin la'asar babu direban da bai yi tsalle ba. Ciyaman ya yi tsalle. 'Yan kamasho sun yi tsalle. Mai shayi, wanda rabonsa da shiga mota tun bikin ƙanwarsa a Dutsi, shi ma ya yi tsalle, Harisu ya ce ai tururin motocin ne ya same shi. Hafizu, da ya fi kowa gardama da safe, shi ya fi kowa zama abin tausayi da yamma.

"Yanzu maganin fa, Mai Faci?"

"Jininka za a ɗiba a mayar maka."

"Tabɗi! Dama tun da ka fara maganar nan na sha jinin jikina, ashe da allura ma za a ba ni shi."

Cikin kwana biyu labari ya zaga gari, tun daga Kusugu har bakin kasuwa. Direbobi suka koma tuƙi da gwiwa a maƙale a haƙarƙari kamar kajin da ruwa ya daka. Babbar matsalar ita ce fasinja. Kujerar taga da ake rububi a da, yanzu ba mai so. Mutum huɗu a baya, kowa ya ce shi tsakiya zai zauna. Wata tsohuwa mai zuwa Zango ta ce ko a but a sa ta, ita dai ba za ta kai jijiyarta ga halaka ba. Lodin da ake yi a rabin awa ya koma awa biyu.

Okafor ya sake gwadawa sau ɗaya, aka ce masa ya ji da shagonsa. To da ya ga gaskiya ba ta da kasuwa, sai ya yayyanka tsohuwar katifa ya rataye a ƙofar shago, ya ce matashin gwiwa ne. Kafin azahar sun ƙare.

A gida Laraba ta ce, "Malam, hutu aka ce ka yi."

"Hutun nake yi. Kin ga na taɓa liba?"

"Na ji an ce ka zama likita."

"Mutane ne suka gane abin da Allah ya ba ni. Laraba, shi fa aikin nan juyi ne kawai. Wa ya kai mai faci sanin juyi? Me zai sa mutanen Daura su tafi Kano? Nan da Babbar Salla za ki ga allo a rumfata."

"Ni hannu nake so na gani, ba allo ba. Tunkiyata ce a cikin gwiwar nan."

Yana fita ta ɗauki waya ta kira Fadila, ta ce ta taho ran Juma'a ko me take yi.

Ciyaman dai ba yaro ba ne. Da Harisu ya kawo masa shirin buɗe wajen juya jini a tasha, ya ce babu direbansa da za a tsaga sai an gwada a gaban kowa da jinin dabba. In ya rabu biyu kamar yadda Harisu ya faɗa, to sai a yi magana. Aka sa ranar Juma'a da hantsi, lokacin da tasha ta fi cika.

Inji kuwa Harisu ya riga ya gama tunaninsa. Ciwon Golf ne, to Golf za ta yi maganinsa. Aka kawo motar Hafizu gaban rumfa, aka sa jak aka ɗaga tayar gaba ta hagu. Ya'u mahauci ya kawo jinin wani sa cike da robar lemo. Harisu ya sa aka ɗaure robar a jikin wili da igiyar tsohon tif, shi yana tsaye yana ba da umarni da hannun hagu, na dama a tallabe, don ya nuna wa duniya yana bin dokar likita.

Mutane suka yi da'ira. Yawancinsu sun riga sun yi wankan Juma'a. Ciyaman ya sa aka kawo masa kujera gaba-gaba, yana sanye da farar shadda sabuwa dal, wadda ko karin guga bai bar ta ba.

Ya'u ya ce, "Mai Faci, jinin nan fa ya fara daskarewa."

"Juyi zai narkar da shi. Hafizu, ba ta wuta! Giya ɗaya!"

Taya ta fara juyi, roba na bin ta. Aka yi kabbara.

"Na asibiti ya fi haka gudu. Giya biyu!"

"Jak ɗin na rawa fa," in ji Okafor daga ƙofar shagonsa.

"Murna yake yi. Giya uku!"

A giya ta uku murfin robar ya yi sallama. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau ba su daidaita a kan wanda ya fara samu ba. Taya na juyi, roba na feshi, gudajin jini na tashi sama suna sauka a kan huluna da rawuna da tiren mai ƙosai. Layi ɗaya ja ya ratsa shaddar Ciyaman tun daga kafaɗa har gwiwar ƙafa. Mai shayi ya tare da murfin tukunya. Wani malami da ke jiran motar Katsina ya dubi rigarsa ya ce, "Innalillahi, najasa, ga shi an kusa kiran farko!"

"Kashe! Kashe ta!" in ji Harisu.

Hafizu, da gudan jini ya shigo ta taga ya manne masa a ido, ya kai ƙafa birki ya taka totur. Jak ya zame. Taya ta dira ƙasa tana juyi, motar ta yi zillo ta nufi rumfa, daidai inda injin iskar Harisu yake.

A nan ne shekara ashirin da biyu ta yi aikinta. Harisu bai tuna likita ba, bai tuna sati shida ba. Ya daka tsalle ya cafki injin da hannun dama ya fizge shi gefe. Motar ta wuce ta rungumi turken rumfa ta mutu, kwanon rufi ya sauko a hankali ya zauna mata a ka. Injin ya tsira. Harisu kuwa ya durƙushe riƙe da gwiwa, bakinsa a buɗe, amma ko sauti ya kasa fitarwa.

Ana cikin haka motar Kano ta shigo, Fadila ta fito daga gidan gaba da jakarta. Ta dubi jama'a jina-jina, ta dafe ƙirji.

"Hatsari aka yi? Mutum nawa?"

"Sa ɗaya ne," in ji Ya'u, "kuma tun safe aka yanka shi."

Ta durƙusa gaban Harisu, ta kwance bandejin, ta taɓa wajen a hankali. Ya ja iska ta haƙori. Ciyaman ya tsaya a kansu yana ɗiga.

"Hajiya, ke ce ta asibitin? Ki gaya mana tsakani da Allah, mu 'yan Golf mu nawa ciwon nan zai kashe?"

Sai da aka maimaita mata sau biyu kafin ta gane. Da ta gane kuwa sai ta zauna daɓas a kan tsohuwar taya, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ciro waya ta lalubo wani bidiyo ta miƙa wa Ciyaman. Kawuna suka haɗu a kai. Wani fili ne kore shar, wani mutum da 'yar hula ya ɗaga sanda mai lanƙwasa ya bugi wata ƙwallo da ba ta fi ƙwan zabo ba.

"Wannan shi ne golf ɗin," in ji ta. "Wasa ne. Masu yinsa kan samu ciwon saboda yawan riƙe sanda da murɗa hannu, shi ya sa aka sa masa sunansu. Makaniki na samu, birkila na samu, mai faci na samu. Ba ruwansa da wundo."

"To ina motar?" in ji Hafizu.

"Babu mota."

"Ga wata 'yar ƙarama can a bayansa."

"Ta ɗaukar sanduna ce."

"Wannan ai ko Keke Napep ya fi ta. To tsallen da muka yi fa?" in ji Ciyaman.

Fadila ta kama gwiwar Ya'u, wanda ba a taɓa gwadawa ba, ta danna. Ya'u ya yi tsalle har wuƙarsa ta faɗi.

"Kowane ɗan Adam yana da wannan jijiyar, Alhaji."

Idanu suka koma kan Okafor. Ya ce, "Sau biyu na faɗa. Matashin gwiwa kuma wanda ya saya ya saya, yana da daɗin jingina."

Harisu ya ɗago da kyar. "Ai wancan golf ɗin na Turai ne. Nawa na gida..."

"Yaya Harisu," in ji Fadila, "don girman Allah ka yi shiru, ka miƙo hannun."

Ciyaman ya dubi shaddarsa, ya dubi rumfar da ta zauna a kan mota, ya dubi agogo. Ya ce rumfa dai Harisu ya gyara abarsa in ya warke, amma duk ranar da ya sake taɓa gwiwar wani a tashar nan, to ya nemi wata ƙofar. Daga nan kowa ya watse da gudu neman ruwa da wata rigar. Ranar an ga direbobi a sahun Juma'a da rigunan barci da na ƙwallo, an ga Ciyaman cikin jamfar mai shayi wadda ta tsaya masa a cibiya.

A gida, bayan la'asar, Fadila ta gama dubawa ta daina dariya. Ta ce a ganinta jijiyar ba ta tsinke gaba ɗaya ba, amma abin da ya fara haɗewa ya buɗe. Ran Litinin za a koma wajen likita, ƙidayar sati shida kuma ta koma farko, in ma an yi sa'a ba a sake allura ba. In ya ƙara irin wannan, to ya fara tunanin wata sana'ar.

Laraba ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da majanyin goyo, ta naɗe hannun a ƙirjinsa, ta zagaya ta baya ta ƙulle inda hagunsa ba zai kai ba.

Maƙwabta suka shigo dubiya, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Wani ya ce, "Mai Faci, wai yaya aka yi ne?"

Idon Harisu ya kawo haske. "Ai motar na tahowa da gudu ɗari da ashirin, na ce da ita..." Ya zo ya ɗaga hannu ya nuna yadda ya tare ta, majanyi ya riƙe. Ya zo ya bugi ƙirji, hannun na kan ƙirjin a ɗaure. Ya gwada da hagu, sai abin ya fito kamar mai korar ƙuda. Ashe duk shekarun nan da hannun dama yake cika baki. Labarin ya mutu a tsakiya, baƙi suka yi masa Allah ya sawwaƙe suka tashi.

Da zauren ya zama ba kowa, Laraba ta kawo tuwo ta zauna gabansa. Ya daɗe yana kallon yatsunsa da suka leƙo ta saman majanyin. Tsoro ne ya kama shi, na gaske, irin wanda bai taɓa bari wani ya gani ba.

"Laraba," ya ce a hankali, "in hannun nan bai tashi ba fa? Ban iya komai ba sai faci."

Ta wanke hannu, ta gutsuro loma ta dangwali miya.

"Zai tashi, Malam, in ka bar shi ya tashi."

Sai ƙarfin hali ya fara dawo masa. "Dama likita ya ce jinina ba irin na kowa ba ne, da ya ga kalarsa sai da ya kira..."

Ta cika masa baki da tuwo.